Ɗigo Mai Jela da Geron Malam

Tun da na dawo daga ƙasar Maraɗi tabarmar ƙofar ɗakina ba ta huta ba. Wannan ta zo ta ce, "Hajo, da gaske burodinsu ya kai tsawon taɓarya?" Waccan ta ce, "Wai kun ga jaririn da ya fi mota nauyi?" Na faɗa har muryata ta dishe, kuma duk wadda ta ɗauka ta kai gaba sai ta ƙara nata. Shi ya sa na zaunar da Habu da biro da takarda. Habu ɗan ƙanen maigidana ne, shi ke koyar da lissafi a firamaren garinmu, nan kusa da Bagwai, kuma da shi muka yi tafiyar. Ni ban san baƙi ba, na boko ko na allo, sai abin yin salla. Na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, har wuraren da ba zai so ba.

Bari in fara da geron, don shi ya fitar da ni daga gida. Malam, maigidana, Allah ya jiƙansa, yana da wani irin gero da ya gada wurin mahaifinsa. Gajere ne, zangarniyarsa tana da gashi, tsuntsu ba ya son sauka a kanta, kuma yakan nuna tun geron mutane bai gama fidda kai ba. Da sunan Malam ake kiransa a garinmu. Ni dai ban taɓa kama sunan nan da bakina ba, ba kuma yau zan fara ba. Da aka zo da sabon iri da takin zamani kowa ya koma can, Malam kaɗai ya riƙe nasa. Duk kaka da kansa yake zaɓen zangarniyar iri, ya ɗaure, ya rataye a wata ƙusa a ɗakinsa. Ko ni ba na taɓawa.

Sai shekarun nan suka zo. Ruwa ya sauka mu yi shuka, ya ɗauke, shuka ta ƙone. Mu sake, ta sake ƙonewa. A shuka ta ƙarshe Malam ya karkaɗe ƙwaryar iri a cikin rami, ita ma ba ta tsira ba. Da ciwo ya kwantar da shi, ba ciwon yake kuka da shi ba. Sai ya kalli ƙusar nan da ba komai a jikinta ya ce, "Hajo, a hannuna ya ƙare." Da wannan maganar ya tafi. Dakata Habu, bari in share idona. Wata da watanni ina shiga ɗakin nan da kaina a sunkuye don kada in ga ƙusar.

Ban daɗe da fita takaba ba, bazara ta kama, sai ga sallama a zaure. Wani dattijo ne mai sayar da kanwa, Nomau sunansa, mutumin Maraɗi, yana neman Malam. Da aka gaya masa ya yi salati. Sannan ya ce a kira ni. Saƙo ya kawo daga Maman, wani ɗan ci-rani da ya taɓa zama a zaurenmu shekarun baya yana aikin lambu a bakin dam ɗin Watari.

Nomau ya ce, da irin Hausarsu, "Ya ce in gaya ma Malam geronshi na nan da rai. Ya aje mishi rabonshi cikin mangaza, ɗakin da garinsu ke kulle iri don kada yunwa ta ci shi. A taho a amsa kahin ruwa shi sauka. Shi kurkunu ya kama mishi ƙahwa, kuma ya rantse ba ya ba kowa in ba na gidan ba."

Ban san lokacin da na dafa bango ba. Geron Malam yana da rai!

Nomau ya ciro wani guntun kwali da aka yaga biyu, ya ce ɗaya ɓarin yana ɗaure a jikin kayan, sai an haɗa su za a bayar. Akwai rubutu a jiki. Na aika aka kira Habu. Habu, zana musu shi a nan yadda yake: 2,500 kg.

Habu ya duba, ya goge ido, ya sake dubawa. Ya ce, "Inna, kilo dubu biyu da ɗari biyar. Buhu ashirin da biyar ke nan."

Na ce, "Kai Habu, duba da kyau."

Ya nuna mini da farce. "Kin ga wannan ɗan ɗigon mai jela, bayan biyu? Waƙafi sunansa. In ya zauna a nan, dubu yake nufi. Abin da nake koya wa yara ke nan kullum."

Nomau ya ce shi bai ga kayan da idonsa ba, baƙin nasara kuma bai san su ba. Ya ce in mun isa Maraɗi mu sauka a gidansa, ya kwatanta wa Habu unguwar, ya kora jakunansa.

Kafin la'asar labari ya gama gari. Wadda ta fara shigowa Tabawa ce, maƙwabciyata, aminiyata kuma abokiyar faɗana tun muna amare. Jikoki ne cike da ɗakinta, iyayensu sun tafi nema. Ta jefa mini buhu wofi a ƙafa ta ce, "Hajo, ga nawa. Kin ga jan zaren nan a bakinsa? To kada a musanya mini." Daga nan kowane gida ya aiko da buhunsa. Wani ya ɗaura tsumma, wani ya shafa shuni, gidan liman suka zana nasu da tawada. Ni kuwa sai cewa nake, "Kowa zai samu, da yardar Allah." A lokacin garin kwaki muke jiƙawa da ganyen tafasa. Wanda ke cikin wannan hali ba ya tsayawa ya tambayi kansa yadda mutum ɗaya zai noma wannan tulin gero a shekarar fari. Wasu suka ce ai ƙasar bakin gulbi ce, ba ta rabuwa da danshi. Muka yarda, don muna son mu yarda.

Bayan 'yan makonni na sayar da akuyata, muka kama hanya. Ni da ban taɓa wuce Bichi ba! A tashar Bichi kwandasta ya ɗaga ƙunshin buhunanmu ya ji ba nauyi, ya ce, "Inna, iska za ki kai Katsina?" Habu ya gyara hula ya ce, "Ɗauko kaya za mu yi." Kafin mota ta cika kowa ya san mu masu buhu ashirin da biyar ne. Wani mutum ya tashi ya ba ni wurin taga. Wata mata ta raba goronta biyu ta ba ni babban ɓarin, tana tambayar ko ina da ɗa wanda bai yi aure ba. Ban taɓa zama babbar mace irin ta ranar ba.

Mun wuce Kankiya sai muka ji ihu daga baya. Igiya ta kwance, buhuna sun tashi sama kamar angulaye, sun watsu a gonakin mutane. Direba ya tsaya yana faɗa, amma duk motar aka fita tsinto su, har mai goron nan. Ni ina bakin hanya ina kira, "Akwai mai jan zare! A nemo mini mai jan zare!" A kan ƙaya aka same shi. Na ce a raina, da shi ya ɓata, gara in zarce in zauna a Maraɗi da in koma in tari Tabawa.

A Katsina muka sha fura, ruwanta ya fi garinta, muka canja mota zuwa Jibiya. A bakin iyaka wani ma'aikacin kwastan, dogo mai gashin baki, ya sa aka kwance ƙunshin. Ya zura hannu a buhu na farko, ba komai. Na biyu, ba komai. Ya zazzage na uku, ƙura ta tashi ya yi atishawa. Ya ce, "Inna, tun da nake aikin nan ban taɓa ganin wanda ya yi fasa-ƙwaurin babu ba." Ya ce mu wuce, yana dariya.

Ni a zatona in an tsallaka wata ƙasa, ƙasar ma launinta zai canja. Ashe yashin nan ne, gawon nan ne, mutanen ma mu ne. Sai dai tufafin jandarmominsu, wato 'yan sandan hanya, da bakinsu. Fura a wurinsu hura ce, lafiya lahiya. Wata yarinya ta ce mini, "Iya, mi kike biɗa?" na tsaya ina kallonta kamar kurma. Makaranta lakwal suke ce mata, malamin makaranta kuma mushe. A-kori-kura muka shiga, ni da awaki a baya, wani bunsuru ya ci gefen mayafina kafin in ankara.

A hanya wata babbar mota ta wuce mu, an rubuta nauyinta a ƙofa. Habu ya taɓa ni yana dariya. "Inna, masu fentin ƙasar nan ba su san inda ake sa waƙafi ba. Bakwai, waƙafi, biyar. Da a ajina ne da sun sha bulala." Ni ma na taya shi dariya, alhali ban san abin da nake wa dariya ba.

A tashar Maraɗi na ga yara ɗauke da wasu dogayen abubuwa a hammata. Na ce, "Habu, mutanen garin nan faɗa suke yi ne, kowa da kulki?" Ashe burodi ne. Ga masu tambaya: bai kai taɓarya ba, amma ya kai muciya, kuma ɓawonsa sai mai haƙori. Ni sai da na tsoma shi a shayi. Kafin mu bar tasha Habu ya nemo wani direban babbar mota, suka yi magana zai biyo mu ƙauyen su Maman ya ɗauko kaya, a sallame shi da gero.

Gidan Nomau muka sauka, ya riga mu dawowa. Matarsa ta karɓe ni kamar 'yar'uwa, ta kawo zogale kwaɗaɗɗe da ƙuli, ta yi ta ba ni haƙuri wai ba yawa. Su ma shekarun sun taɓa su, har sun fi mu. Amma abin da na lura, su fura ce abincinsu na rana, ba abin marmari ba, kuma ko ta kai ruwa tsinkewa sai an miƙa wa baƙo ludayi tukuna.

Nomau yana da ɗa, Mushe Lawali, shi ma malamin makaranta ne kamar Habu. Matar Lawali ba ta daɗe da haihuwa ba. Da yamma muna tsakar gida aka ɗora mini jaririn a cinya, ɗan mitsitsi, kamar 'yar kyanwa. Lawali, don murnar ɗan fari, ya ɗauko katin asibiti yana nuna wa Habu, wai duk da shekarar nan ɗansa bai zo a rame ba. Habu ya duba, sai ya fashe da dariya.

"Inna, maza ajiye yaron nan kada ya karya miki ƙafa! Mushe, ɗan naka kilo dubu uku da ɗari biyu ne?"

Zana musu wannan ma, Habu: 3,200.

Lawali ya ce, "Dubu kuma? Kilo ukku ne da giram ɗari biyu. Ga shi a hili."

"To me waƙafi yake yi a nan? Ɗigo ake sawa."

"Ga ku dai. Ga mu, wanga mai jela shi ke raba cikakke da guntu."

"In za ku rubuta dubu fa?"

Lawali ya durƙusa ya zana a ƙasa da yatsa. Ya ce ko su bar ɗan fili tsakanin lambobin, kamar haka 3 200, ko su sa ɗigo marar jela, kamar haka 3.200. Habu ya riƙe kai. Ya ce, "Wannan na biyun ai shi ne uku da 'yan kai a wurinmu! Kun kifa abin, kansa a ƙasa."

Lawali ya ce, "Mu munka kihe shi? Ku da kunka daɗe kuna tuƙa mota ta hagu, sai da kunka gaji kunka dawo hannunmu?"

Habu ya ce, "Ka ji masu magana. Mutanen da in za su ce tamanin da bakin lakwal sai sun ce ashirin sau huɗu!"

Matan gida suka fito suna kallo, kowa na goyon nasa. Nomau yana kan buzunsa yana jan carbi, ya ce, "Ku duka yara ne. Ga lissahinmu na allo, ɗigo shi ne babu. Wannan mai zagaye kuwa da kuke ce ma babu, mu biyat ne." Aka sake kwashewa da dariya. Na ce, ikon Allah! Abu kamar kashin ƙuda, a gida uku aiki uku yake yi, kuma kowane gida yana rantsuwa nasa ne daidai.

Ina cikin dariya na lura Habu ya daina. Ya zauna a kan turmi. A hankali ya sa hannu a aljihu, ya ciro guntun kwalinmu, ya miƙa wa Lawali. Muryarsa ta sauka ya ce, "Mushe, karanta mini wannan."

Lawali ya ce, "Kilo biyu da rabi."

Uwarsa, daga bakin murhu, ba ta san komai ba, ta ce, "Tiya guda ke nan."

Ƙunshin buhunanmu yana jingine da bango, kowa ya juya yana kallonsa. Jaririn nan yana cinyata, sai na ji da gaske ya yi mini nauyi. Fuskar Tabawa na gani, da jikokinta, da duk gidajen da na ce wa kowa zai samu. Lawali, ɗan kirki, ya dafa kafaɗar Habu ya ce, "Aboki, da ni anka kawo ma takardarku, da haka zan yi. Kowa abin da anka koya mishi shi ya sani." Habu ya karɓi kwalin ya mayar aljihu. Ko tuwon dare bai taɓa ba.

Da safe ya same ni ina ɗaura ɗankwali. Ya riga ya je tasha ya ba direban nan haƙuri. Ya ce, "Inna, mu juya. Da wane ido za mu shiga ƙauyen mutane da buhu ashirin da biyar mu karɓi tiya?"

Na ce, "Habu, ɗigon nan mai jela, ya rage yawan geron. Na ji. Ya canja geron ne?"

Ya ce, "A'a."

"Tiyar nan, geron wa ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Na Baba ne."

"To ɗauko buhunan."

Wallahi ina faɗa muku, tun da na faɗi haka zuciyata ta koma bugawa kamar ranar da Nomau ya yi sallama. Mu ne muka sa buhuna a cikin maganar. Malam bai taɓa kuka da buhu ba. Ƙusa yake kallo.

Amalanken jaki muka hau zuwa ƙauyen, ta cikin busasshen gulbi. Nomau ya gaya mini tun a gida cewa bai iya kai wa Maman labarin rasuwar ba. Muka sami Maman a gindin bedi, wato darbejiya, ƙafa a miƙe, an naɗe kurkunun a jikin tsinke. Ya rame har na kusa kasa gane shi. Shi kuwa yana hango ni ya yi yunƙurin tashi, yana cewa, "Inna! Inna ta taho!" Sai ya leƙa bayana. Ya ga Habu, ya sake leƙawa bayan Habu. Ya ce, "Ina Baba?"

Na sunkuyar da kai. Ya kalle ni, ya gane. Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Na zauna a ƙasa kusa da shi muka yi kukanmu, ni da ɗan mutane, a gaban garinsu. Ban ji kunya ba, har yanzu ba na ji.

Da muka natsa ya ba ni labarin da ban sani ba. Ya ce ranar da zai bar gidanmu Malam ya kira shi ɗaki, ya murje zangarniya, ya zuba masa cikin hannu ɗaya a kusurwar buhun kayansa, ya ƙulle da igiya. Ya ce masa, "Ka kai shi ƙasarku ya ga wuri." Ya shuka a bayan ɗaki, ya yaɗu, har ya cika rumbu. Da farin nan ya zo, geron nan kaɗai ya ba su ɗan abu. Suka ci, suka ci, da ya ga saura kaɗan ya raba biyu, tiya tasa, tiya ta Malam, ya kai mangaza aka kulle. Bayan nan dusa da ganye iyalinsa suka koma ci.

Sai idonsa ya kai kan ƙunshinmu. Ya ce, "Waɗanga buhuna hwa?" Habu ya buɗe baki, na riga shi. Na ce, "Rakiya suka yi mana." Daga baya Habu da kansa ya ba shi labarin, Maman ya yi dariya har ƙafar ta motsa ya yi ƙara.

Mangazar nan abin gani ce. Ɗakin ƙasa ne da ƙofar ƙarfe, kwaɗo uku a jiki. Makulli ɗaya wurin maigari, ɗaya wurin liman, ɗaya wurin wata tsohuwa da mata suka zaɓa. Ba a buɗewa sai su uku sun haɗu, don sun san in makulli yana hannun mutum ɗaya, kukan 'ya'yansa zai buɗe ƙofar. Na ce da mun san wannan dabara a garinmu! Tsohuwar ta tafi ɗebo ruwa wata rijiya mai nisa, muka yi ta jira rana na dukanmu. Da ta zo kuma ta ce ba ta yarda ba sai ta ji daga bakina wace ce ni a gidan Malam. Na faɗa mata. Ta kalli idona, ta kwance makullin daga wuyanta.

A ciki ƙulle-ƙulle ne jere a kan katako, kowanne da ɓarin kwalinsa. Mai kula da ɗakin ya haɗa namu da nasa, yagar ta hau daidai. Ya ɗora ƙullin a ma'auni, allura ta tsaya tsakanin biyu da uku. Habu ya sunkuya ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "To, ita dai allurar nan bakinmu ɗaya da ita."

Na kwance ƙullin na zura hannu. Ƙananan ƙwayoyin nan masu duhu-duhu, da ƙanshin da na sani. Wani ɗan gashin zangarniya da ya saura a ciki ya soke ni a yatsa. Shi ne! Jama'a, shi ne! Ni tsohuwa, da ban daɗe da cire kayan takaba ba, sai ji na yi na rangaɗa guɗa a cikin mangazar mutane. Tsohuwar makulli ta amsa, matan waje suka ɗauka, ba su ma san dalili ba.

Da za mu dawo na ɗaure ƙullin a cikina, ƙarƙashin zane. Habu ya ce mu bar wa su Maman buhunan, mu huta da kaya da abin kunya. Na ce na mutane ne, kowa sai ya ga nasa. A bakin iyaka sai ga mai gashin bakin nan. Ya gane mu tun daga nesa. Ya ce, "Inna! Kin kai babu, kin dawo da babu. Wannan wane irin fatauci ne?" Na kwance bakin zane na nuna masa, na ce iri ne, na maigidana. Ya ɗebi 'yan ƙwayoyi ya duba, ya mayar har wadda ta maƙale masa a farce. Ya ce, "Allah ya ba da damina."

Muka wuce Katsina, muka nufo Bichi. Hannuna yana kan cikina, ina tuna abin da Maman ya faɗa. Geron da Malam ya rataye a ƙusarsa ya ƙare. Wanda ya ƙulle wa baƙo a kusurwar buhu, shi ya rayu.

Muna shigowa gari yara suka ruga da labari. Mata suka fito, wasu har da ƙwarya a hannu, suna leƙen hanya ta bayanmu. Tabawa ce a gaba. Ta ce, "Hajo, ina motar?"

Habu ya yi gyaran murya ya fara bayanin waƙafi da ɗigo, yana zane a ƙasa. Tabawa ta katse shi. "Kai malamin makaranta, ni ba karatu na zo ba. Nawa ne?"

Na ce, "Tiya guda."

"Tiya guda? Hajo, kin sayar da akuya, kin tsallaka ƙasa, kin sa na gaya wa marayun Allah su ƙara haƙuri, a kan tiya guda? Ko kunun jibi ba za ta kai ba!"

Na ce, "Ba ta kunu ba ce."

Na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, na sa Habu ya kwance buhunan. Na ɗauki mai shuni, na zuba cikin hannu ɗaya a kusurwarsa, na ƙulle da igiya, na miƙa wa masu shi. Na ɗauki mai tsumma, haka. Na gidan liman, haka. Ina yi ina cewa, "Geron Malam ne. A shuka a bayan ɗaki, inda ido zai riƙa ganinsa." Wasu suka yi godiya, wasu suka karɓa ba su ce uffan ba, ban kuma ga laifinsu ba. Abin da ya saura a ƙasan ƙullin shi ne nawa. Tabawa ta fizgi mai jan zarenta ta ce, "Yau ɗin nan zan daka shi, ki ji in gaya miki." Ta shige gida. Muka daɗe ba ma gaisawa sai ta kan katanga, shi ma da ƙyar.

Ruwa ya sauka, ba mai yawa ba, amma bai ɗauke irin na bara ba. Na shuka nawa a gonar Malam, ni da Habu, yana sara ina zubawa. Gero in yana ƙarami duk kamarsa ɗaya, ba ka sanin na wa ne. Ban tambayi kowa abin da ya yi da nasa ba. Har yanzu garin kwakin muke jiƙawa, kada wani ya ce na ce yunwa ta wuce.

Sai makon jiya. Geron mutane ko alamar kai bai yi ba, na fita da safe zan je gona, na ga zangarniya mai gashi tana leƙowa ta kan dangar gidan liman. Na ƙara gaba, ga wata a bayan gidan masu shuni. Ba kowane gida ba, wasu sun ci nasu, Allah ya sani dole ce ta sa. Amma na bi layi ina gani, nan da can, nan da can.

Ina dawowa na ji muryar Tabawa ta kan katanga. "Ke Hajo! Zo ki kwashe wannan ɗan mijin naki, ya cika mini bayan ɗaki, gashinsa yana soke mini jikoki."

Na leƙa. Nata ya fi na kowa kyau. Ashe da ruwan wanke-wanke ta riƙa ba shi duk lokacin da sama ta yi jinkiri. Na ce, "Ba ke kika ce za ki daka ba?" Ta ce, "Turmin ne ya yi masa yawa." Muka tsaya, katanga a tsakaninmu, tana share ido da gefen zane, ni ma haka.

Daga nan ɗakin Malam na wuce. Na ɗaga kai na kalli ƙusar. Na kama ta na jijjiga, tana nan da ƙarfinta. Za ta ɗauki dami.